Jemage da Halittar da Ba Ta da Suna a Hausa

Tambayar farko ta wannan makon daga wani malamin kimiyya take, a wata makarantar sakandare da ke Zariya. Na ɗan taƙaita ta:

"Malam, ina koya wa ɗalibai rabe-raben halittu, sai muka zo kan wata halitta da littafin Turanci ya kira da sunan da in an fassara shi zai zama funfuna mai yauƙi. Littafin ya ce ita ba tsiro ba ce, ba dabba ba ce, ba ma funfunar ba ce. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, ashe jemage ke nan, ba ya tsuntsu ba ya dabba. Aji ya fashe da dariya, ni kuwa na rasa ta cewa. Shin kwatancen yaron ya yi daidai? Kuma mene ne sunan wannan abu da Hausa?"

Malam, kafin komai ka gaishe mini da wannan yaro, ka ce masa Allah ya ƙara basira. Ɗalibin da ya ji sabon abu a aji ya laluba cikin maganar gidansu ya ciro masa ma'auni, ya fi wanda ya haddace shafi goma bai san inda zai ajiye su ba. Ya kamo gaskiya, sai dai ta wutsiya ya kamo ta.

Mu fara da karin maganar. Ana cewa "jemage, ba ka tsuntsu ba ka dabba," wasu su ce "ba ka cikin tsuntsaye, ba ka cikin dabbobi." Wuri biyu ake jefa ta, kuma ɗanɗanonsu ya bambanta. Akwai na zargi, inda ake nufin mai fuska biyu, irin ɗan siyasar da za ka gani da safe a gidan wannan ɗan takara, da daddare a gidan abokin hamayyarsa. Tatsuniyar haraji ita ke bayan wannan ma'ana: masu karɓar harajin sarkin tsuntsaye suka zo, jemage ya yage baki ya nuna haƙora, ya ce kun taɓa ganin tsuntsu da haƙori? Na sarkin dabbobi suka zo, ya buɗe fiffike. Akwai kuma na tausayi, ga wanda ya tsaya a tsakiya kowane ɓangare ya ƙi karɓarsa, kamar yaron da ya bar makarantar allo bai sauke ba, ya shiga boko bai gama ba. Mai sauraro daga muryar mai magana yake gane wanda ake nufi.

To me ya sa jemage ya rikita mutanen da? Amsar tana cikin kalmar dabba kanta. Aro ce daga Larabci, kuma tushenta a can yana nufin tafiya ko rarrafe a doron ƙasa. Duba Suratul An'am, aya ta 38, inda aka ambaci dabba a cikin ƙasa da kuma tsuntsu mai tashi da fikafikansa biyu. Rabon da yanayin tafiya aka yi shi: mai takawa da mai tashi. A kan wannan ma'auni jemage tsuntsu ne ba gardama, shi ya sa duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya ji an karanta Jalalaini zai tuna cewa a aya ta 49 ta Ali Imrana, inda Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya siffanta tsuntsu da yumɓu, malaman suka ce jemage ne, don shi ya fi sauran tsuntsaye cikar halitta. Bahaushe ma haka yake raba nasa: tsuntsu mai tashi, kifi na ruwa, ƙwaro ƙarami mai rarrafe, bisa ta gida, naman daji na dawa. Matsalar ta taso ne da aka kama jemage a hannu aka ga kunnuwa, aka ga haƙora, aka ga gashi maimakon gashin tsuntsu, aka ga jariri maƙale a ƙirjin uwa yana tsotso.

Masana kimiyya sun canza ma'aunin ne kawai. A 1758 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya ware rukunin masu shayarwa, ya sa jemage a ciki. Har ma ya zarce, ya ajiye shi a layi ɗaya da birai da ɗan Adam, abin da na bayansa suka gyara. A 1779 Bajamushe Blumenbach ya ba jemagu sunan rukuninsu daga kalmomin Girkanci biyu, hannu da fiffike. Sunan ya dace ƙwarai. In ka shimfiɗa fiffiken jemage za ka ga yatsu huɗu ne suka yi tsawo, fata ta haɗe su kamar an ɗinka tanti, babban yatsa kuma ya rage a sama da ƙumbarsa, da ita yake kama reshe. Yau an san jemagu sama da iri 1,400, kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan masu shayarwa. Shari'ar jemage dai an yanke ta tuntuni: dabba ne, kuma ya fi kusa da akuyarka a kan kurciya.

Wanda Bahaushe ya fi sani, babban nan mai launin kara da ke cika bishiyoyi yana ƙara da rana, masana suna kiransa Eidolon helvum. Nauyinsa wajen giram 250 zuwa 300 ne, fikafikansa in ya buɗe su kan kai santimita 75. Ɗa ɗaya yake haifa a shekara. 'Yan uwanmu na zangon Akra, garin da fataken zamanin da suke kira Ankara, sun san garkensa da ke kwana a bishiyoyin bakin asibitin sojoji na 37. Da magariba sama kan yi duhu da su. A can ne aka maƙala wa wasu na'urar bin sawu, aka gano suna iya kai ƙwayar iri har nisan kilomita 75 daga inda suka ci ɗan itacen. Taronsu mafi girma kuwa a Zambiya yake, a gandun dajin Kasanka, inda miliyoyinsu ke haɗuwa a wani ɗan kurmi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da 'ya'yan itatuwan wurin suka nuna. Wasu cikinsu sukan yi ƙaurar da ta wuce kilomita 2,000.

Bari in tsaya nan in wanke jemage daga wani ƙazafi, tunda dama ta samu. Tun muna yara ake gaya mana ta baki yake kashi. Duk wanda ya share gindin ceɗiya ko mangwaro da safe ya ga abin da ya jawo zancen: wasu 'yan dunƙulallun tuƙa zube a ƙasa, kamar an tauna rake an tofar. Abin da ke faruwa shi ne jemage yakan tauna ɗan itace, ya matse shi da harshe a ganɗa, ya haɗiye ruwan da ƙananan ƙwayoyin, ya furzar da tuƙar. In zai yi bayan gida na gaske, juyowa yake yi ya rataya da manyan yatsunsa, ƙafafu ƙasa, ya gama ya koma yadda yake. Ya fi wasu mutane tsafta. Kuma mai zaginsa ya tuna cewa furen kuka da dare yake buɗewa, haka na ɗorawa da na rimi, jemagu kuma suna cikin manyan masu yi musu barbara. Miyar kuka da daddawar cikinta duka akwai hannun jemage a ciki, hannu kuma na gaske.

Yanzu ga ɗaya halittar. Na taɓa ganinta ido da ido, a wata damina, bayan gidan wani ɗan uwana inda aka sare tsohuwar bishiya aka bar kututturen yana ruɓewa a inuwa. Da yamma na ga wani abu rawaya shar a jikin kututturen, faɗinsa kamar tafin hannu, kamar an fasa ƙwai an bar ƙwanduwar ta malale, da wasu jijiyoyi a jikinsa irin na bayan ganye. Na tambayi mutanen gidan. Uwar gida ta ce funfuna ce, wani tsoho ya ce aman kare ne, yara suka ce majinar aljani. Na soka tsinke a daidai bakinsa na tafi. Da na dawo da safe, abin ya bar tsinken a baya da kusan taƙi guda, ya bar wani sawu mai sheƙi kamar na dodon koɗi. Funfuna ba ta tashi daga inda take ta koma wani wuri. Tana yaɗuwa, amma ba ta ƙaura. Bayan kwana biyu da rana ta buɗe, sai ya bushe ya yi ɓawo, na taɓa shi ya tashi kamar ƙurar gawayi.

Irin wannan halitta sun kusa dubu. Wadda ta fi suna a ɗakunan bincike ita ce Physarum polycephalum, sunan da ƙarshensa ke nufin mai kawuna da yawa, ko da yake ko kai ɗaya ba ta da shi. Jikinka da nawa da na jemage an gina su ne da ƙwayoyin halitta bila adadin, kowace da katangarta da cibiyarta guda, kamar ɗakunan haya. Ita kuwa wannan duk girmanta ƙwaya ɗaya ce tak, zaure guda ba bango, da miliyoyin cibiyoyi suna yawo a ciki. Ruwan jikinta yana kai da komowa cikin jijiyoyin nan, ya yi gaba ya dawo baya a cikin minti ɗaya ko biyu, da haka take matsawa, kamar santimita ɗaya a awa, in ta yi sauri huɗu. Abincinta bakteriya da ƙurar irin funfuna, kuma lulluɓe su take yi ta narkar. Ba ta son haske, ba ta son bushewa. In fari ya kama ta sai ta ƙame ta yi kamar ta mutu, a yayyafa mata ruwa bayan watanni ta farfaɗo ta ci gaba da harkarta.

Masana ma sun daɗe suna jemage da ita. An fara jera ta cikin funfuna saboda ƙurar irin da take fitarwa. A 1859 Anton de Bary, wani Bajamushe, ya ga tana tafiya tana cin abinci, ya raɗa mata suna mai ma'anar dabbar funfuna. Ka ji fa, shi ma suna mai ruwa biyu. Sai a zamanin nan da aka iya karanta ƙwayoyin gado aka gane danginta su ne amiba, 'yan mitsi-mitsin halittun nan da sai da madubin likita ake ganinsu. Ga kuma abin da za ka kai wa ɗalibanka su kwana suna tunani: binciken ya nuna funfuna da dabbobi reshe ɗaya suka fito, reshen su amiba kuwa ya rabu da su tun kafin nan. Wato funfunar da ke kan tsohon burodi ta fi kusa da jemage a zumunta a kan wannan abu da aka laƙaba wa sunanta. Kama da wane ba wane ba ne.

Abin da ya fito da ita duniya kuwa wayonta ne. A shekarar 2000 wani masani ɗan Japan, Toshiyuki Nakagaki, ya sa ta cikin wani faranti mai lunguna kamar na cikin birnin Kano, wasu masu ɓullewa wasu marasa ɓullewa, ya ajiye abinci a ƙofa biyu. Ta fara cika lungunan duka, sannan ta janye jikinta daga ko'ina ta bar jijiya guda a kan hanya mafi kusa tsakanin abincin biyu. A 2010 shi da Atsushi Tero da abokan aikinsu suka zana taswirar yankin Tokiyo, suka ajiye ɓarzajjen hatsi a gurbin garuruwa 36, suka sake ta daga tsakiya. Jijiyoyin da ta shimfiɗa sun yi kama da layukan dogon da injiniyoyi suka shekara da shekaru suna tsarawa. A Tulus ta Faransa kuma, a 2016, Audrey Dussutour da abokan aikinta suka sa mata gada mai ɗacin kwinin tsakaninta da abinci. Ranar farko ta yi ta ɗari-ɗari, cikin 'yan kwanaki ta saba tana haye gadar ba tare da jinkiri ba, da aka ɗauke mata ɗacin na kwana biyu sai ta koma tsoronsa. Duk wannan ba ƙwaƙwalwa, ba ido, ba baki. A 2019 gidan namun dajin birnin Faris ya ba ta ɗaki mutane suna zuwa kallo.

To ina kwatancen yaron ya tsaya? Su biyun sun haɗu a wasu wurare: dukansu ba sa shiri da hasken rana, dukansu damina suke bi, dukansu gwanayen nemo abinci ne ba tare da an nuna musu hanya ba. Sun rabu a wurin taro. Jemagun Kasanka miliyoyi ne, kowanne da kansa da cikinsa, suna faɗa a kan reshe. Ita kuwa miliyoyin cibiyoyi ne a riga ɗaya. Akwai ma wata 'yar uwarta, Dictyostelium discoideum, da Kenneth Raper ya gano a Amurka ya bayyana ta a 1935, wadda ƙwayoyinta kowace ke kiwonta ita kaɗai, sai yunwa ta zo su taru har dubu ɗari su zama jiki guda mai rarrafe, kusan kashi ɗaya cikin biyar su mutu su zama kara don sauran su hau sama su samu hanyar yaɗuwa. Amma babban bambancin shi ne wannan: jemage yana da gida a rabon halittu, idon mai kallo ne ya ruɗe. Ita wannan kuwa ta faɗa wajen dukan akwatunan da ɗan makaranta ya sani, tsiro da dabba da funfuna. Don haka kirarin ya fi zama a kanta fiye da mai shi. Yaron ya ci tambayar.

Wannan bai sa karin maganar ta lalace ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa a daina faɗinta tunda kimiyya ta ƙaryata ta. Wanda ya ce wa ɗan siyasa jemage ba darasin halittu yake bayarwa ba. Har gobe muna cewa rana ta faɗi, alhali kowa ya san ba inda ta faɗa.

Saura suna. Kalmomin da muke da su a wannan unguwa kowace da aikinta. Funfuna, ko hunhuna a bakin Sakkwatawa da Katsinawa da mutanen Maraɗi, kamar yadda suke cewa hura da hurhura, ita ce ta kan goro da burodi da tufafin da aka ninke da danshi. Gansakuka ita ce koriyar nan ta bakin rijiya da jikin randa da kan kududdufi. Naman kaza ko laimar kwaɗi shi ne mai hula da ke tsirowa bayan ruwa. Babu ɗaya cikinsu da ta hau kan wannan halitta, kuma ban ba ka shawarar ka fassara sunan Turancin kai tsaye ba. Su kansu masu sunan sun san rabinsa kuskure ne, sun gaje shi ne sun kasa yar da shi. Mu da ba mu gaji kuskuren ba, me zai sa mu je mu aro shi?

Rabi na biyu na sunan shi ne abin riƙewa. Yauƙi kalma ce mai kai biyu a Hausa. Akwai yauƙin kuɓewa da karkashi da lalo, akwai kuma yauƙin budurwa mai tafiya kamar ba za ta taka ƙasa ba, wadda za a aika kanti a gama tuwo ba ta dawo ba. Halittar da jikinta ke da santsi kuma take cin awa guda kafin ta matsa faɗin yatsa ta cika sharuɗɗan biyu. Da ni ne a ajinka sai in ce yauƙin kututture, a bisa tsarin da Bahaushe ya bi ya ce laimar kwaɗi: ka ɗauki kamar abu, ka jingina shi ga inda ake samunsa. Mutanen wani yanki na Meziko ma haka suka yi, suka kira wani irinta kashin wata.

Sai dai suna ba a tilasta shi. An daɗe ana cewa na'ura mai ƙwaƙwalwa a rediyo, jama'a suka saurara da ladabi suka ci gaba da cewa kwamfuta. A-kori-kura kuwa da a-ci-balbal ba wani kwamiti da ya zauna ya ƙirƙiro su, ga su nan daram. Ka rubuta yauƙin kututture a allo, ka rubuta majinar aljani ta yaran gidan ɗan uwana a gefensa, ka bar ɗalibai su yi mako guda suna amfani da su. Ina da zaton wanda zai ci, kuma ba nawa ba ne. In damina ta kankama ka kai su inda itace ke ruɓewa a inuwa, kowa da tsinkensa.

Wata ɗaliba daga Damagaram ta tambaya: "Baba, jemage da birbiri abu ɗaya ne? Kuma gaskiya ne makafi ne?"

'Yata, a bakin mafi yawan mutane jemage shi ne babban, kuma shi ne sunan da ya rufe dangin gaba ɗaya, jam'insa jemagu. Birbiri ƙaramin ake nufi. Makanta kuwa babu ita ko a ɗaya. Babban mai cin 'ya'yan itace idanunsa dara-dara ne, da su da hanci yake neman abinci. Ƙananan da ke fitowa daga rufin soro da magariba suna cafkar ƙwari su ma suna gani, sai dai sun fi dogara da kunne: suna fitar da wata siririyar ƙara da ta fi ƙarfin jin ɗan Adam, ta bugi abin da ke gabansu ta dawo, daga amsa-kuwwar su gane nisansa da girmansa. Shi ya sa za ki ga ɗaya ya shigo ɗaki cikin duhu ya yi ta kewaya bai bugi bango ba. In ya shigo, ki buɗe taga ki rage fitila ya fita da kansa, kada ki kama shi da hannu, don cizonsa na iya ɗauke da cuta irin ta haukan kare.